Ɓeran Ɗakin Gwaji, Ragon Turka da Akushin Maigida

Duk mai turkar rago a Boɗinga ko Shagari ya san irin dabbar da ba ya saya idan ya rage wata uku ko huɗu a yi Babbar Sallah. Ba ya sayen ɗan tunkiyar da bai daɗe da barin nono ba, komai kyawun jikinsa da arahar kuɗinsa. Abin da yake zagayen nema a kara shi ne rago mai dogon ƙashi da faɗin ƙirji, wanda ya riga ya zubar da haƙoran nono na gaba, ko da kuwa ya rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Idan ka tambaye shi dalili, zai gaya maka cewa ƙaramin ƙashi yake yi wa aiki. Duk harawa da dusa da kowar waken da za a zuba masa tsawo za su zama, alhali kuwa ranar kasuwa gadon baya da gindin wutsiya mai saye yake latsawa. Babban da ya gama gina gangar jikinsa shi ne wanda rarar abin da ya ci take kwanta masa ta zama kitse.

Wannan ilimi ne ingantacce, ko da yake masu shi ba su taɓa rubuta shi ba. A shekarar 1932 wani masanin kiwon dabbobi na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, John Hammond, ya wallafa babban littafi a kan girman tumaki, bayan an yanka su a matakai daban-daban na rayuwarsu an auna sassan jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fito fili shi ne jiki yana raba abinci ne bisa layi: ƙwaƙwalwa da jijiyoyi su ne a gaba, sai ƙashi, sai tsoka, kitse ne na ƙarshe. Sai na gaba ya ɗebi rabonsa kafin na baya ya samu. Rundawan Boɗinga, waɗanda kullum hannunsu yana cikin cikin dabba, ba za su ga wani sabon abu a nan ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen a wannan makon shi ne, ilimin da muke aiki da shi a bakin turke can muke barin sa idan mun shiga tsakar gida. A rabon abincin gidajenmu da yawa, wanda jikinsa yake kan gini shi ne a ƙarshen layi, wanda ya gama ginin tuntuni shi ne a farko. Amma kafin mu kai ga akushin maigida, bari mu bi ta kan wata dabba da ta fi rago bayyana wannan al'amari, wato ɓera.

Ina nufin farin ɓeran ɗakin gwaji, ɗan uwan wanda ke yi mana ɓarna a rumbu, irin wanda ɗaliban kimiyya da likitanci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka saba gani a cikin keji. An fara kiwon fitacciyar zuriyarsa a Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya a Amurka tun 1906. Gajartar rayuwarsa ce ta sa masana suka riƙe shi. Cikinsa kwana 21 zuwa 23 ne, ana yaye shi yana mako uku, yana balaga kafin ya wuce wata biyu, a shekara biyu ya tsufa, kuma yawanci ba ya wuce shekara uku. Abin da mai bincike zai jira shekara 70 kafin ya gani a jikin mutum, a jikin ɓera yana ganin sa kafin ya kammala digirinsa. Ga shi kuma ana iya auna duk ƙwayar abincin da ya ci da duk zafin da jikinsa ya fitar, abin da babu magidancin da zai yarda a yi masa.

Lissafin da ake yi wa ɓeran irin na rumbu ne: me ya shiga, me ya fita, me ya rage. Abinci yana shiga da makamashi, wanda ake aunawa da kalori. Makamashin yana fita ta bugun zuciya da numfashi da ɗumama jiki da motsi, sannan ga mai tasowa akwai babbar ƙofa ta musamman, ita ce gina sabon jiki. Abin da ya rage bayan wannan duka jiki ba ya zubar da shi, yana mayar da shi kitse ya adana. Akwai hikima a zaɓen kitse ya zama rumbu, domin giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin 4 yake ɗauke da shi. Bugu da ƙari, kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne. Saboda haka kilo ɗaya na jan nama kalori dubu da 'yan kai ne a cikinsa, kilo ɗaya na kitse kuwa ya haura 7,000. Mai turka ya san wannan ta aljihunsa: makonnin ƙarshe su ne mafi tsada, ragon yana ta cinye dusa amma nauyinsa da ƙyar yake motsawa.

Ana haihuwar ɓera da nauyin giram 5 zuwa 6, tsirara, idanu a rufe, kitsen jikinsa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Kafin mako guda ya ninka nauyinsa, abin da jaririn mutum yake ɗaukar kimanin wata biyar kafin ya yi. Bayan yaye, idan aka kwatanta da girman jikinsa, yana cin ninki biyu ko fiye na abin da babba yake ci, amma ba ya yin teɓa, domin ƙofar gini a buɗe take tana haɗiye komai. Daga wajen wata uku girman ya fara lafawa. Namijin ɓera ba ya daina ƙara nauyi har ya haura shekara ɗaya da rabi, sai dai abin da yake ƙarawa ya sauya: kason tsoka yana raguwa, kason kitse yana ƙaruwa, kuma kitsen yana taruwa ne a cikin ciki, kewaye da ƙoda da hanji. A lokaci guda ƙafarsa tana yin sanyi. Matashin ɓera idan aka sa masa ƙaramar ƙafar juyi a keji yakan yi gudun kilomitoci a dare ɗaya ba tare da kowa ya kore shi ba, amma yana manyanta gudun yana raguwa. A ƙarshen rayuwa sai al'amarin ya sake juyawa: ci ya ragu, tsoka ta zube, nauyi ya faɗi.

Abin mamaki a nan shi ne yadda ƙibar take tsayawa a iyaka. Dabba ce da abinci yake gabanta dare da rana, babu mai hana ta, to me ya sa ba ta ci har ta kasa tashi? A 1940 masu bincike biyu a Shikago, Hetherington da Ranson, suka lalata wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwar ɓera, cikin sashen da ake kira haifotalamus. Ɓerayen suka kama ci babu ƙaƙƙautawa, wasu har suka ninka nauyinsu, kusan duka kitse. Ashe akwai linzami, kuma a can yake. A 1953 Gordon Kennedy ya kawo bayanin da har yau ake tafiya a kansa, cewa kitsen jiki da kansa ne yake aika saƙo ta cikin jini zuwa ƙwaƙwalwa yana sanar da ita yawan abin da ke rumbu, ita kuma ta ja linzamin ko ta sassauta. An shafe shekara 41 kafin a kama ɗan aiken. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller da ke Niyok suka gano shi a jikin ƙananan ɓeraye, aka raɗa masa suna leftin.

Binciken Kennedy da ya fi jan hankalina shi ne na 1957. Ya yi wa 'yan ɓerayen da ba su daɗe da yaye ba irin wancan aikin ƙwaƙwalwa, sai ya ga cinsu bai ƙaru nan take ba kamar yadda na manya yake yi. Dalili kuwa, dama can suna ci ne iyakar abin da cikinsu zai ɗauka, babu wani linzami da aka ja musu balle a ce an tsinke shi. Sai da girmansu ya fara lafawa sannan ƙibar ta bayyana. Ma'ana, linzamin ci abu ne da yake zuwa da shekaru, daidai lokacin da ƙofar gini take rufewa. Haka nan uwar ɓera mai shayarwa takan ci ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba, ba ta kuma yin ƙiba, domin komai nono yake zama. Yawan cin mai tasowa da na mai shayarwa ba haɗama ba ce, lissafi ne ya kama haka.

Sai dai linzamin da ya zo da balaga yana saki da manyanta. An gwada ba tsofaffin ɓeraye leftin, aka ga ba ya rage musu ci kamar yadda yake rage wa matasa, duk da cewa jininsu cike yake da shi. Ɗan aike yana ta sallama, masu gida sun daina amsawa. Kitsen cikin nan kuma ba zaman lafiya yake yi ba. Yana zuba mai da wasu sinadarai kai tsaye cikin jinin da ke zuwa hanta, har jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. Masu bincike a Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein a Niyok, ƙarƙashin Nir Barzilai, sun yi wa ɓeraye masu manyanta tiyata sun cire musu kitsen ciki kawai, suka ba da rahoto a 2002 cewa jikinsu ya koma jin insulin kusan kamar na matasa. A 2008 suka nuna cewa waɗanda aka yi wa wannan aiki sun fi 'yan uwansu daɗewa a duniya. Wurin da kitse ya kwanta yana da muhimmanci kamar yawansa. Raƙumi a tozo yake tara nasa, tumakin ƙasashen Larabawa a wutsiya, jar akuyarmu ta Sakkwato kuwa a ciki take ɓoye nata, shi ya sa sai an farke ta ake sanin ta yi mai. Magidanci mai siraran ƙafafu da hannaye da tulun ciki a gaba, tsarin akuya jikinsa ya bi, kuma shi ne tsari mafi haɗari ga ɗan Adam.

Wancan ɓangaren manya ke nan. Na yara ya fi tayar da hankali. A 1960 Elsie Widdowson da Robert McCance, su ma a Kambirij, suka haɗa jariran ɓeraye da aka haifa rana ɗaya suka sake raba su: wata uwar aka ba ta uku kacal, wata aka jibga mata 15 zuwa 20. Ranar yaye, waɗanda suka sha nono suka ƙoshi sun ninka sauran nauyi sau biyu zuwa uku. Daga nan aka buɗe wa kowa abinci, ya ci iyakar son ransa. Ƙananan ba su taɓa kamo manyan ba har ƙarshen rayuwarsu. Mako uku na ƙarancin nono ya yanke musu girman da za su kai. A 1963 suka sake gwajin ta wata fuska, suka bari sai da ɓeraye suka kai mako tara sannan suka takura musu abinci na mako uku. Waɗannan sun rame, amma da aka sake musu abinci suka murmure suka kamo tsaransu sarai. Yunwa ɗaya ce, tsawon lokacinta ɗaya, abin da ya bambanta shi ne shekarun wanda ta sama. Wannan ma mai turka ya san shi, shi ya sa ba ya tsoron ramammen rago mai ƙashi amma yake gudun tsumburarre.

Mai karatu yana da damar cewa ɓera daban, mutum daban, kuma gaskiya ne. Jaririn mutum da kitsensa yake zuwa duniya, kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsa, ya ƙaru zuwa wajen kashi 25 kafin ya shekara, saboda yana ɗauke da ƙwaƙwalwa mai tsadar ciyarwa wadda ba ta jure yankewar abinci. Yaro ɗan shekara biyar, kusan kashi 40 cikin 100 na makamashin da yake ƙonawa a yini ƙwaƙwalwarsa ce take cinyewa. A 2021 Herman Pontzer da tawagar masana suka wallafa awon mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, daga ɗan kwana takwas zuwa mai shekara 95. Sun gano cewa ɗan shekara ɗaya, gwargwadon girman jikinsa, yana ƙona makamashi fiye da babba da kusan kashi 50 cikin 100. Daga nan wutar tana raguwa sannu a hankali har shekara 20, ta tsaya cak daga 20 zuwa 60, sannan ta fara sauka da ƙasa da kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Wannan ya ƙwace wa da yawa daga cikinmu uzurin da muka saba bayarwa. Tumbin ɗan shekara 45 ba mutuwar wutar jiki ce ta kawo shi ba, tunda wutar tana nan yadda take yana ɗan 25. Abin da ya sauya shi ne kwanonsa ya ƙara girma, ƙafarsa kuma ta daina taka ƙasa.

Yanzu mu shiga tsakar gida. Idan an sauke tukunya, akushin maigida ake fara cikawa, ko kular da ta maye gurbinsa, kuma idan akwai nama a miya can tsokar take tafiya. Yara biyar ko shida su kewaye kwano ɗaya, mai saurin hannu ya ƙoshi, ƙaramin cikinsu ya tashi da shafar miya. Wanda ake shirin yayewa kuma a ɗura masa koko ko kunu tsararo, wanda yawancinsa ruwa ne, alhali cikin ɗan shekara ɗaya bai fi kofi guda yake ɗauka ba a zama ɗaya. Cikin ya cika, yaron ya yi shiru, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, amma abin da ya shiga bai isa aikin ƙashi da ƙwaƙwalwa ba. Da damina ƙwan zabi yana cika bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega, matafiya ne suke saye, kuma har yanzu akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata. Mai jego ana ji da ita har ta yi arba'in, daga nan ta koma layin kowa, alhali shayarwar da ke buƙatar ƙarin kalori kusan 500 a kowace rana tana nan har wajen shekara biyu.

Sakamakon yana cikin alƙaluma. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne, a maƙwabciyarmu Kebbi 66. Talauci yana da babban hannu a ciki, haka ma zawo da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da rashin tsabtataccen ruwa, ga kuma rashin tsaron da ya raba dubban manoma da gonakinsu a gabashin jihar nan. Ba na ɗora wa iyaye laifin abin da ya fi ƙarfinsu. Sai dai ana samun tsumburarren yaro a gidan da ake turke raguna uku ana saya musu dusa buhu-buhu, kuma wannan ba talauci ba ne, tsarin rabo ne. Likitoci suna maganar kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu. Shi ne makonni ukun ɓerayen Widdowson a ma'aunin ɗan Adam, kuma tsawon da aka rasa a cikinsa da wuya a mayar da shi duka daga baya.

Akwai wani ƙulli da ya haɗa yunwar yaro da tumbin babba, wanda ba kowa ya lura da shi ba. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an yi matsananciyar yunwa a yammacin Holan. A 1976 aka wallafa binciken samari kusan 300,000 'yan shekara 19 da aka auna domin aikin soja, aka ga waɗanda yunwar ta sami iyayensu mata a farkon rabin cikinsu sun fi sauran yawan ƙiba. Daga baya masana biyu a Ingila, Nicholas Hales da David Barker, suka yi bayani a 1992 cewa jikin da ya fara rayuwa cikin ƙunci yakan tsara kansa a kan tattali: ƙaramar tsoka, ƙananan gaɓoɓi, saurin ajiya. Idan ƙuncin ya ɗore, tsarin ya yi amfani. Idan kuwa mai shi ya girma ya sami wadata, jikin da aka gina domin fari sai ya sami kansa cikin ambaliya. Wannan labarin da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ne: an haife su a ƙauye cikin shekarun fari na 1973 ko 1984, sun yi karatu, sun sami aiki a Sakkwato ko Abuja, yanzu suna bin layin asibiti da ciwon suga da hawan jini. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun gwada Fulanin birnin Sakkwato da na karkara, suka wallafa a 2011 da 2013: masu ciwon suga a birni kashi 4.6 cikin 100, a karkara 0.8. Mutum 'yan ɗaruruwa ne aka gwada a kowane ɓangare, amma tazarar ta isa a tsaya a duba, tunda jini ɗaya ne, zama ne ya bambanta.

Dole in ware wasu daga wannan magana. Manomin Sifawa da ke duƙe a kan fartanya daga hantsi zuwa azahar, a watannin da rumbu ya yi ƙasa kuma aiki ya yi yawa, ba shi da rarar da zai ajiye, hasali ma daga jikinsa yake cirowa, kuma ya cancanci kwanonsa cike. Haka mai noman rani a bakin madatsar ruwa ta Shagari, da matar da take daka da surfe da ɗiban ruwa. Maganata tana kan wanda ya ajiye fartanya ya hau kujera amma bai rage kwanon manomi ba, ya ma ƙara masa shayi mai kauri da burodi da safe, lemon kwalba da rana, tsire da dare. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da suga kimanin giram 35, cokalin shayi takwas ko tara ke nan, kuma mutum yana iya shanye uku a zaman ɗaurin aure ɗaya. Masallacin da ke bayan gida ma a kan mashin ake zuwa. Mu kuwa sai mu tare shi da barka, mu ce hutu ya karɓe shi. A ɓangaren mata abin ya kai ga sayen ƙiba da kuɗi, ta hanyar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikinsu, irin su dezametazon, suna kumbura fuska da ciki ne suna cinye tsoka, suna kuma tayar da suga da hawan jini.

Ɓera yana da abin cewa a kan rage ci ma. A 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa yawan abinci, ba tare da an tauye musu sinadaran gina jiki ba, sun fi masu ci yadda suka so tsawon rai. Nasa gwajin tun suna ƙanana ya fara shi, suka kuwa tsumbure, don haka babu mai hankalin da zai kwaikwaye shi a kan yaro. Amma a 1985 masu bincike a San Antoniyo ta jihar Tekzas suka nuna cewa ko an bari sai ɓera ya kai wata shida, ya gama yawancin girmansa, sannan aka rage masa kashi 40 cikin 100 na abinci, yana samun kusan irin wannan ƙarin kwana. Ɓeran keji ba ya noma, ba ya fama da sauro, saboda haka ba na ce kowa ya zabge kusan rabin tuwonsa ba. Abin da gwajin ya nuna shi ne wanda ragi yake amfana: baligi mai rara.

Dattijo kuma nasa lissafin daban ne. Daga shekara 60 zuwa sama tsoka ce take zubewa, kamar yadda take zubewa a tsohon ɓera, kuma zubewarta ce take kai mutum ga kasa tashi daga tabarma sai an kama shi. Tsohon da haƙora suka ƙare masa, aka bar shi da koko da fura tsararo, yana cikin irin halin ɗan yaye ne. Nono yake buƙata da wake da kifi da ƙwai, da ɗan tattaki kullum. Girmama manya da muke taƙama da shi, idan da gaske ne, ga inda ya kamata ya nuna. Idan aka bi lissafin jiki, masu haƙƙin tsokar da ke cikin miya su ne mai ciki da mai shayarwa, da yaro daga wata shida zuwa sama, da tsoho. Mai shekara 35 zuwa 55 da ke zaune a ofis ko shago shi ne ya fi kowa iya haƙura da ita, kuma shi ne yake cinye ta.

Gyaran bai buƙatar sabon kasafin kuɗi a gidaje da yawa. A ware wa ɗan yaye kwanonsa shi kaɗai, a zauna da shi har ya cinye. A kaurara kununsa, a sa masa garin gyaɗa ko waken suya da cokalin mai, a ba shi sau huɗu ko biyar a yini tunda cikinsa ƙarami ne. Ƙwai ɗaya daga cikin waɗanda za a kai bakin titi ya tsaya a gida. A asibitocin karkara ma'aikatan lafiya suna da ɗan tef mai launi da suke naɗawa a damtsen yaro, idan ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, an san tamowa ta yi tsanani. Ina ganin lokaci ya yi da za a ajiye tef na biyu a kan teburin, na auna ƙugun uban da ya kawo shi, ko wanda ya tsaya a waje a kan mashin yana jira.

Kafin a kai ga haka, kowa yana iya yin nasa awon a ɗaki. Ka sami igiya ka yanke ta daidai tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka daidai saman cibiya kaɗan, ba tare da ka shanye numfashi ba. Idan bakin biyu suka haɗu, ƙugunka bai wuce rabin tsawonka ba, kuma nan ne iyakar da likitoci suke so a tsaya. Idan suka ƙi haɗuwa, ka je a gwada maka suga da hawan jini ko da ba ka jin ciwon komai, domin dukansu biyu sukan yi shekaru a jiki ba su yi magana ba. Wanda kuma yake son sanin shekarar da abin ya faro, ya tambayi telan da ya saba ɗinka masa kayan Sallah ya buɗe masa tsohon littafin awo.